Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamishinonin lafiya na Arewa: a riƙa duba bakin yaro da kunnensa a ranar rigakafi

Zuwa ga masu girma kwamishinonin lafiya da shugabannin hukumomin kula da lafiya a matakin farko na jihohin Arewa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ranku ya daɗe, ni tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce. Mafi yawan aikina a ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye na yi shi, a ɓangaren awon ciki da rigakafin yara. Na rubuto muku ne da yawun iyaye mata da kakanni da 'yan reno, waɗanda jarirai ke hannunsu dare da rana, da kuma yawun yaran da suka kai shekara uku, wasu huɗu, ba su buɗe baki ba, alhali sun sha bi ta hannun ma'aikatanku ba wanda ya ankara.

Kokenmu shi ne, a duk hidimar da ake yi wa jarirai a asibitocinmu ba a ba maganar yaro da jinsa wani wuri ba. Ku dubi ranar rigakafi. Uwa za ta yi sammako ta kama layi a benci da goyonta. A ɗora yaro a sikeli, a auna damtsensa da madaurin nan mai launin ja da rawaya da kore, a ɗiga masa maganin shan-inna, a yi masa allura a cinya, a rubuta ranar dawowa a kati. Za ta zo bayan haihuwa, ta dawo a sati na 6, da na 10, da na 14, sannan a wata na 9 da na 15. Duk wannan zirga-zirga da wuya ka ji an tambaye ta: "Yana juyowa idan kin kira shi? Ya fara gwaranci? Wa ke yi masa hira a gida?" Ko da an buga wani abu game da haka a jikin katin, ba a karanta wa uwa shi, kuma ba a koya wa ma'aikaciya yadda za ta yi da amsar ba. Ba ma'aikatan nake zargi ba. Na zauna a kan kujerarsu, na san abin da aka ce su cike shi suke cikewa, kuma abin da ake tambayarsu a rahoton ƙarshen wata shi suke ƙirgawa.

Bari in fara da abin da muke da shi a gida wanda aka raina. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya ga kaka ta karɓi jikanta ta ɗora shi a cinya, ta kusanto da fuskarta, ta siranta murya, ta ja magana: "Waaane ne wannan? Mijina ne? Angona ne ya tashi?" Sai ta yi shiru ta zuba masa ido. Yaro ya motsa baki ya fitar da ɗan sautinsa, ita kuma ta amshe: "Iye! Haka aka yi? To gaya mini, me suka yi maka?" Idan mace ce ta ce kishiyarta ce ta zo ƙwace mata miji. A yi tawai, a yi kirari, a kira nono mamma, a kira ƙwaro cici, in ya fara miƙewa a kama hannuwansa ana tata, tata. Mutane da yawa, har cikin masu ilimin zamani, suna ɗaukar wannan shirme ne na tsofaffi. Alhali a wannan 'yar hirar akwai kusan duk abin da jariri yake buƙata don ya kama harshe: an ɗaga murya yadda za ta ja hankalinsa, an rage gudu, an ja wasula, an gajarta jimla, an maimaita, sannan, mafi muhimmanci, an tsaya an ba shi nasa lokacin ya mayar.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan salon magana. Tun a 1964 wani masanin harshe, Charles Ferguson, ya kwatanta yadda ake yi wa jarirai magana a harsuna shida, ciki har da Larabci, ya tarar suna kama da juna ƙwarai. A 1985 Anne Fernald ta nuna cewa jarirai 'yan wata huɗu, idan aka ba su zaɓi, muryar da ake yi wa jarirai suke juyawa su saurara, ba muryar hirar manya ba. A 1997 Patricia Kuhl da abokan aikinta suka auna muryoyin iyaye mata a Amurka da Rasha da Suwidin, suka ga dukkansu suna buɗe wasula fiye da yadda suke yi da manya, ta yadda bambancin sauti da sauti zai fito fili a kunnen yaro. A 2022 kuma aka buga wani babban bincike da ya tattaro muryoyi daga al'ummomi 21 na duniya, birni da daji, aka kunna wa mutane fiye da 50,000, suka riƙa gane wadda ake yi wa jariri ko da ba su jin harshen. Ashe abin da kakar nan take yi a tsakar gida ba ta koye shi a makaranta ba, amma daidai take yin sa.

Kuma lokacin wannan aiki gajere ne, abin da ya fi damuna ke nan. Binciken Janet Werker da Richard Tees a Kanada a 1984 ya nuna cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana iya rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya riga ya karkata ga sautukan da ake yi masa magana da su, ya saki sauran. Ɗan Bahaushe a waɗannan watannin yake kafa bambancin ba da ɓa, da da ɗa, ka da ƙa, da hawa da saukar murya da tsawon wasali waɗanda ma'anar maganarmu ta rataya a kansu. Wato tsakanin allurar sati 14 da ta wata 9, lokacin da uwa ba ta cika zuwa asibiti ba sai in yaro ba lafiya, a nan ake aza harsashin harshensa, kuma ba wanda ya gaya mata.

Za ku iya cewa, to tunda al'ada ta tanadi wannan, mene ne na gwamnati a ciki? Amsa ita ce gidan da al'adar ta dogara da shi yana watsewa. A da yarinya ta haihu, tana alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wata ko kallonsa ba ta yi idan da mutane. Wannan bai cutar da yaro ba, domin gidan cike yake: ga kaka, ga gwaggo, ga matan sauri, ga 'yan mata masu rububin goyo. Abin da uwa ta kame baki a kansa, baki goma sun biya. Yanzu ku je ku ga amaryar da aka kai ɗaki ciki da falo a gidan haya a bayan gari. Miji ya fita tun safe sai dare. Ta dawo daga wankan jego, kaka ta koma garinsu. Alkunyar tana nan, amma masu cike giɓin babu su. Yaro zai wuni a goye ko a kwance, cikinsa a ƙoshe, jikinsa tsaf, amma ba wanda ya dube shi ido da ido ya ce masa uffan. Na sha tambayar irin waɗannan 'yan mata ko suna yi wa jaririnsu hira, amsar kusan guda ce: "Hajiya, ai bai san komai ba tukuna," ko kuma "Sai a ce na zautu, ina magana ni kaɗai."

Wannan tunani ba mu kaɗai ke da shi ba, kuma an gwada an ga yana sauyuwa. A ƙauyukan Wolof na yankin Kaolack a Senegal, iyaye suna ƙin yi wa jarirai magana don gudun a ce sun haukace ko don tsoron iskoki. Ƙungiyar Tostan ta shiga da zaman wayar da kai a cikin harshensu, tare da limamai da dattawa. Sakamakon da Ann Weber da Anne Fernald da Yatma Diop suka buga a 2017 ya nuna maganar da iyaye ke yi wa 'ya'yansu ta ƙaru sosai a cikin shekara guda, yaran kuma suka fi takwarorinsu na ƙauyukan da shirin bai je ba yawan magana. Mu ma muna da hujjar da ta fi ƙarfin alkunya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikokinsa a gaban jama'a, kuma yana tsayawa ya tambayi ƙaramin ƙanin Anas labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Ba a rasa abin faɗa wa iyaye ba, mai faɗar aka rasa.

Giɓin da kaka ta bari, waya ce ta shige shi. Yanzu a layin rigakafin ma za ka ga an kunna wa ɗan wata takwas katun an riƙe masa a gaban fuska don ya yi shiru, kuma uwar da zuciya ɗaya take yi, har tana alfaharin wai zai tashi da Turanci. Ku ji abin da aka gani a Seattle ta Amurka a 2003. An ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kawai suke ji a gida, aka yi musu zama 12 da masu jin harshen Sin, suna yi musu wasa da karatu fuska da fuska. Wani rukunin kuma aka kunna musu mutanen nan dai a talabijin, wani aka kunna musu murya zalla. Waɗanda suka zauna da mutum suka kama sautukan harshen. Na talabijin da na murya ba su kama komai ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa ji ba. Allo ba ya jira yaro ya amsa, ba ya bin inda idonsa ya kalla ya faɗa masa sunan abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a rana. Shekaru sun wuce, ban taɓa jin an faɗi wannan a lakcar safiya da ake yi wa mata kafin a fara awo ba.

Yanzu ga abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami, wato kunne. Yaron da ba ya ji ba zai yi magana ba, komai hirar da aka yi masa. Kuma kurumtar jariri ɓoyayyiya ce. Yana kuka kamar kowa, yana murmushi, a watannin farko har 'yan sautukan nan na jarirai yana yi. Sai wajen wata bakwai zuwa goma, lokacin da sa'o'insa suka shiga ba-ba-ba da da-da-da, shi nasa ya ƙi zuwa ko ya dushe. Uwa ba ta san wannan alama ce ba. Ta ce yaronta mai haƙuri ne, ba ya firgita, ko ana daka a kansa barcinsa yake yi.

Mu kuwa a ƙasar da abubuwan da ke kashe kunne suka yi yawa muke. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma waɗanda suka yi aiki a 1996, shekarar da annobar ta kashe mutane fiye da 11,000 a Najeriya, sun san yara nawa suka tashi daga jinya ba sa ji. Ga ƙyanda, ga hangum, ga shawarar jarirai da ake zama da ita a gida ana jiƙe-jiƙe har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ga doguwar naƙuda da yaro ke fitowa bai yi kuka ba, ga kunne mai zubar da ruwa da ake ɗiga wa mai ko ruwan ganye wata da watanni, ga allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya kauce musu yake. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata guda, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimakonsa kafin wata shida. A wurinmu sai yaro ya shekara uku ko huɗu, wani sai an kai shi makarantar allo malam ya yi ta dukansa a kan taurin kai, sannan wani ya ce anya yaron nan yana ji kuwa?

Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa kawo mini ɗanta, ya haura shekara uku, kyakkyawan yaro mai wayo, idonsa na kan bakin duk mai magana. Katinsa a cike, ba allurar da ta wuce shi. Ta ce tun yana shekara ɗaya da rabi hankalinta bai kwanta ba. Surukarta ta ce gado ne, ubansa ma sai da ya daɗe. Maƙwabta suka ce namiji ne, maza da nauyin baki suke. Da ya shekara biyu aka kira wanzami ya yanke masa linzamin ƙarƙashin harshe, ya kwana yana zubar da jini. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Na sa ta zaunar da shi yana kallonta, na zagaya bayansa na buga murfin kwano da cokali dab da kunnensa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Da na bi tarihi, ashe ya yi shawara mai tsanani a satin haihuwarsa. Matar nan ta dube ni ta ce, "Duk zuwan da na yi ta yi asibiti, me ya sa ba wanda ya yi masa wannan?" Wannan tambayar taku ce, ranku ya daɗe, shi ya sa na kawo muku ita.

Kada a ce sai ƙasashe masu arziki ke iya gwajin. A Legas, tun daga 2005, Dakta Bolajoko Olusanya ta gwada shi a ƙananan asibitoci huɗu a ranar allurar BCG, wato ta rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariri bayan haihuwa. Dabararta ita ce, yawancin yara ba a asibiti ake haihuwarsu ba, amma ana kawo su wannan allurar. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda ba su da wani ilimin kunne a da, aka koya wa aiki da 'yar na'urar hannu da ake saka bakinta a kunnen jariri yana barci, cikin 'yan mintuna ta nuna ko ya wuce ko sai an sake dubawa. Suka yi aikin, aka gano yaran da ba sa ji tun suna 'yan watanni. Idan haihuwar gida ce hujja, ai mu ta fi shafa.

Rashin sanin nan ta fuska biyu yake cutarwa. Yayin da ake sakaci da alamun haɗari, ana kuma tayar da hankali a kan abin da ba komai ba ne. Yaro ɗan shekara biyu ya ce "luwa" maimakon ruwa, ko ya mayar da ƙa ta koma ka, wannan tsamin baki ne na ƙuruciya, sautuka masu wuya a baya suke zuwa. Ya ce "Baba ta zo", bai gama raba namiji da mace a magana ba ne, kuma maganinsa ba tsawa ba ce, a ce masa "E, Baba ya zo, ga shi nan ya zo da lemo," ya ji daidai ba tare da an kunyata shi ba. 'Yar in'ina da ke zuwa tsakanin shekara biyu da biyar, da yawa tana wucewa idan ba a tsangwami yaro ba, amma sai ka ga ana kwaikwayonsa ana dariya ko ana buge masa baki. Gidan da ake Fulatanci da Hausa, ko Barbarci da Hausa, a ce wai harsuna biyu ne suka rikita yaro, sai a hana kaka yi masa yarenta, alhali harshe biyu ba ya jawo nauyin baki. Wasu iyayen kuma sun daina yi wa jariri Hausar da suka ƙware a kai, sun koma 'yan guntayen umarni da Turancin da bai zauna a bakinsu ba, zo, zauna, bari, shi ke nan hirar yini. Duk waɗannan ma'aikaciyar da aka horar za ta warware su a cikin minti biyu, ta san wadda za ta kwantar wa hankali da wadda za ta ce maza ki tafi babban asibiti.

Ba zan tsallake yaran tamowa ba. Yaron da yunwa ta ci shiru yake yi, ba ya wasa, ba ya neman kowa, uwa kuma ga gajiya ga damuwa, sai ita ma ta yi shiru. Matakan jinyar tamowa mai tsanani na Hukumar Lafiya ta Duniya sun haɗa da wasa da yaro da jan hankalinsa, amma a aikace abinci ake miƙawa a sallami uwa. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartarsu awa guda a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna abin da suke samu a sana'a ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Jihohin da suka fi kowa yawan yara masu tsumburewa bai kamata su bar wannan ya wuce su ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

A sa tambayoyin ji da magana a cikin aikin ranar rigakafi, a ba su gurbi a kati da rajista, kuma a riƙa neman su a rahoton wata, don abin da ba a tambaya ba a yin sa. Ba su da yawa. A sati 6 zuwa 14: yana firgita da ƙara, yana natsuwa da muryar uwa? A wata 9: yana juyowa idan an kira sunansa, yana gwaranci? A wata 15: yana nuni da yatsa, yana da kalma ko ɗaya, yana gane ɗan aike kamar "kawo" ko "zo"? A kuma sanar da uwa cewa idan ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana ya daina, ta dawo, kada ta jira. Duk jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko sanƙarau, ko bai yi kuka da haihuwa ba, ko aka haife shi bakwaini, a yi wa katinsa alama a tura shi gwajin ji ko da iyaye ba su yi ƙorafi ba.

A horar da ma'aikata. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da kundin horo kan kula da bunƙasar yaro tun 2012, kuma a 2018 an ƙaddamar da tsarin reno mai inganci a babban taron lafiya na duniya. A mayar da su Hausa da Fulatanci da Barbarci, Hausar da ake yi a tsakar gida, ba ta fassarar ofis ba. A shigar da su manhajar makarantun koyon aikin lafiya da na ungozoma, a kuma koya wa masu bi gida-gida na shirin lafiya na gwamnati mai suna CHIPS da ungozomomin gargajiya, tunda su ke shiga ɗakin mai jego.

A sayi na'urar gwajin ji, a fara da aƙalla babban asibiti guda a kowace ƙaramar hukuma da asibitocin da suka fi cika ranar BCG, a ware kuɗin gyara da na batir tun daga farko don kada ta ƙare a cikin kabad. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, muna ganin wannan aiki ya cancanci kaso a ciki. Gwaji kuma ba shi da amfani idan ba inda za a tura yaro. A shimfiɗa hanya bayyananniya daga asibitin unguwa zuwa sashen kunne na asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a tallafa wa talaka da kuɗin na'urar ƙara ji, a ɗauki nauyin 'ya'yanmu su karanto ilimin ji da gyaran magana, domin masu wannan ƙwarewa ƙalilan ne a Arewa.

Yaron da aka tabbatar ba ya ji, kada a ce wa uwarsa sai haƙuri a sallame ta. Shi ma yana buƙatar harshe tun yana jariri, kuma kuramenmu suna da maganar hannu tasu cikakkiya. A haɗa iyaye da ƙungiyoyin kurame da makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano tun da wuri, uwa ta koyi yi wa ɗanta tawai da hannu da fuska, maimakon a jira ya shekara bakwai ba shi da kowane harshe.

A zauna da sarakunan aska a yi maganar yankan linzami cikin mutunci. Wanzamai mutanenmu ne, suna shiga gidan suna kafin kowa, idan aka fahimtar da su cewa linzami ba ya hana yaro fara magana, za su iya zama masu cewa a kai shi a duba kunne.

A ƙarshe, a ba lakcar safiya ta ranar awo da ta rigakafi minti biyar a kan hira da jariri, kuma a nuna a aikace: a kira wata kaka daga cikin layi ta karɓi jariri ta yi masa abin da ta saba, 'yan matan su gani da idonsu yadda yake amsawa. A gaya musu su riƙa faɗa masa abin da suke yi lokacin wanka da shayarwa da girki, su yi masa waƙa, su jira ya mayar. A lura da mai jegon da ta yi shiru fiye da kima, ba ta walwala, ba ta kallon ɗanta, domin damuwar bayan haihuwa ciwo ce mai magani. A kai saƙon gidajen rediyon jihohi da majalisun malamai don ya isa ga maza, saboda uba ma idan ya dawo ya ɗauki ɗansa ya yi masa hira kafin ya ɗauki waya.

Muna roƙon kowane kwamishina ya sa wannan batu a ajandar zamansa na gaba da shugaban hukumar lafiya a matakin farko ta jiharsa, a zaɓi ƙananan hukumomin da za a fara gwaji da su a kasafin kuɗi mai zuwa, a kuma sanar da jama'a abin da aka yanke. Mu tsofaffin ma'aikata da muka yi ritaya muna nan da yawa a kowace unguwa, idan an kira mu horarwa ko zama da iyaye za mu zo.

Allah Ya yi muku jagora, Ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya a matakin farko,
a madadin iyaye mata da kakanni da 'yan reno.